Matar da ta rubuta tarihin talakawa

Ƴan uwa, in an ce tarihi, sai mu tuna da sarakuna da manyan mayaƙa. To, ga labarin wata ƴar jarida wadda ta nemi tarihi a bakin talakawa. Sunanta Sibetlana Aleksiyebic.

An haife ta a shekarar 1948. Ta girma a ƙauye, a ƙasar Belarus, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Uwayenta malaman lakwal ne. Yaƙin duniya na biyu ya cinye maza da yawa a ƙasar. Sai ta tashi cikin mata, tana jin hirarsu da marece. Ba su da zance sai na yaƙi da yunwa da mutuwa.

Ta yi karatun aikin jarida a birnin Minsk, ta ƙare a 1972. Ta lura littattafan yaƙi maza ke rubuta su, alhali mata wajen miliyan ɗaya sun shiga soja. Sai ta ɗauki rakoda, ta bi gari gari. Ta zauna da mata fiye da 500. Wasu sun yi jinyar sojoji, wasu sun riƙe bindiga, wasu wanki da abinci suka yi. Ta rubuta maganarsu. Mahukunta suka tsare littafin, don ya faɗi wahala da tsoro. Sai a 1985 ya fito.

Daga baya ta saurari uwayen samarin da aka kashe a yaƙin Afganistan, waɗanda aka kawo gawarsu cikin akwatin ƙarfe a rufe. Saboda wannan littafi aka kai ta gaban alƙali a Minsk. Ba ta bari ba. A 1997 ta fitar da labarin mutanen Carnobil, inda wata tashar wutar nukiliya ta fashe a 1986, guba ta ɓata gonaki, aka tada ƙauyuka. Manoma da matan masu kashe gobara suka ba ta labari.

A 2015 aka ba ta kyautar Nobel ta adabi. A 2020 rikicin siyasa ya sa ta bar ƙasarta, ta tafi Jamus.

Yawancin matan da ta fara saurara sun rasu, amma maganarsu tana cikin takarda. Kai da ka iya rubutu yau, akwai tsofaffi a garinku da suka ga fari da yunwa. Ka je ka zauna da su, ka rubuta tun suna da rai.