Man da ake shafa wa furosesa: daga ina ya samo asali, kuma ko ya cancanci kuɗinka?

Idan ka taɓa kai laftof ɗinka wurin mai gyara saboda tana zafi, fankarta na ihu kamar injin niƙa, da wuya bai ce maka "sai an canja man furosesa" ba. Wani ma zai ɗauko maka guda biyu, ɗaya mai araha ɗaya mai tsada, ya ce zaɓi. Kafin ka zaɓa, bari mu koma baya kaɗan ka ga yadda aka yi wannan ɗan man ya zama abin magana.

A 1981 da IBM ta fitar da kwamfutarta ta farko mai ɗauke da furosesar Intel 8088, babu fanka a kan furosesar, babu ƙarfen sanyaya, balle mai. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Sai a farkon shekarun 1990, zamanin 486 mai sauri da Pentium ta 1993, aka fara ɗora mata ƙarfe mai haƙarƙari don ya riƙa janye zafi, daga baya aka haɗa da fanka.

Nan matsalar ta ɓullo. Saman furosesa da gindin ƙarfen sanyaya duk sumul suke a ido, amma a madubin ƙara girma cike suke da ramuka da tudu. In ka haɗa su, iska ce ke maƙalewa a tsakani, ita kuwa iska ba ta iya ɗaukar zafi ba sam. A ma'aunin da ake auna wannan, jan ƙarfe yana kusan 400, iska kuma 0.026 kacal. Man furosesa na kirki, ko a bakin masu sayar da shi, yawanci tsakanin 5 ne zuwa 13. Ka ga ke nan man bai kama ƙafar ƙarfe ba, iska kawai ya fi. Aikinsa guda ɗaya ne: ya kori iskar nan ya cike ramukan. Shi ya sa lafta shi da yawa ba ya ƙara komai sai ɓata wuri.

A 2001 shafin Tom's Hardware ya saki wani bidiyo da ya zagaya duniya. Suka cire ƙarfen sanyaya ana tsakiyar buga gem. Pentium 4 ta rage gudu ta tsira, Pentium III ta daskare, ita kuwa Athlon ta AMD cikin daƙiƙoƙi ta fara hayaƙi ta ƙone. Tun daga lokacin mai kwamfuta ya san zafi ba abin wasa ba ne. A wannan zamanin ne kasuwar man da ake saya daban ta buɗe, musamman wurin masu ƙure wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. Arctic Silver 5, mai garin azurfa a ciki, ya fito a 2003 ya yi shekaru yana jan zarensa.

Wani abin dariya: a wancan lokacin wani marubucin fasaha ɗan Ostareliya ya gwada shafa makilin a maimakon man, kuma da farko ya yi aiki ba laifi. Amma makilin ruwa ne a cikinsa, yana bushewa shi ke nan an koma gidan jiya. Don Allah kar ka gwada. Abin da gwajin ya nuna shi ne kusan duk abin da ya kori iska zai yi aiki na ɗan lokaci, abin da kake biya wa kuɗi shi ne man da zai yi shekaru bai bushe ba.

Babban rikicin sai a 2012. Furosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe a samanta, ainihin silikon ɗin yana ƙarƙashi. A Sandy Bridge ta 2011, Intel ta liƙe murfin da silikon da narkakken ƙarfe, wato irin aikin dalma. Da Ivy Bridge ta fito a 2012, irin su Core i7-3770K, sai masu ƙure gudu suka ga tana zafi fiye da yayarta. Da aka ɓalle murfin sai ga mai a ciki, ba dalma ba. Wato duk tsadar man da ka shafa a waje, akwai wani a ciki da ke tare zafin tun kafin ya iso.

Sai mutane suka shiga ɓalle murfin da kansu, wasu da reza, wasu da matsi na maƙera. Furosesa nawa aka kashe a haka, Allah kaɗai ya sani. Daga baya wani Bajamushe, Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya ƙera ɗan abin da ke zame murfin lafiya. Waɗanda suka goge man Intel suka zuba ruwan ƙarfe a kan irin su i7-7700K da i7-8700K sun riƙa ganin zafi ya sauka da digiri 10 zuwa 20. AMD ta fito da Ryzen a 2017 da dalma a ciki, Intel ma ta dawo kan dalmar a i9-9900K a 2018.

Wannan labarin na digiri 20 shi ne har yau ake tallata mai da shi, alhali magana ce ta ƙarƙashin murfi da ruwan ƙarfe, ba man da za a shafa maka a shago ba. Tsakanin man kirki da wani man kirki, bambancin da masu gwaji ke samu digiri kaɗan ne, sau da yawa biyu ko uku.

Shi ruwan ƙarfen, galiyom ne a cikinsa, ƙarfen da ke narkewa a tafin hannu. Sony ta yi amfani da shi a PlayStation 5 a 2020, amma sai da ta yi masa katanga don kar ya zubo. Yana ɗaukar wutar lantarki, ɗigo ɗaya a kan allon kwamfuta ya isa ya kashe ta, kuma yana cinye alminiyom. Ni dai ba na ba kowa shawarar sa shi a laftof ɗin da yake neman abinci da ita.

To ya cancanta ko bai cancanta ba? In sabuwar kwamfuta ce, ko sabon ƙarfen sanyaya da ya zo da mansa a shafe, bar shi haka nan, kuɗinka ya fi amfani a wani wurin. Amma mu yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, sun yi shekara biyar zuwa goma a Turai ko Amurka kafin su iso mana, man ya bushe ya koma kamar alli, ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu. Ga shi furosesar laftof ba ta da murfi, man kai tsaye yake zaune kan silikon. A nan canja shi yana da amfani sosai, kuma ribar daga sabunta shi take zuwa, ba daga tsadarsa ba. Mai matsakaicin kuɗi irin Arctic MX-4, wanda ba ya ɗaukar wuta, ya wadatar, sai dai ka kula da jabu.

In za a yi maka aikin, ka tsaya a fara busa ƙurar fanka da haƙarƙarin ƙarfen, don sau da yawa ita ce mai laifin ba man ba. A cire caja da batir, a goge tsohon man tas da sifirit, a ɗiga kamar ƙwayar shinkafa a kan ta laftof, kamar ƙwayar wake a kan ta tebur, sannan a ɗaure kusoshin bi da bi bisa lambobin da ke jikin ƙarfen. Ka duba zafin da manhajar HWMonitor kafin aiki da bayansa, ka rubuta lambobin biyu.

Wayarka kuwa ka bar ta a rufe. Ita ba a kera ta don a riƙa canja mata mai ba, da siraran fallayen girafait take baza zafinta, wasu kuma da ɗan faifan jan ƙarfe mai tururi a ciki.