Wasan yaƙi kan taswira: yadda ake sake buga yaƙin Watalu na 1815

Wasan yaƙi wani nau'in wasa ne da ake kwaikwayon yaƙin da ya taɓa faruwa, a kan taswira ko kan tebur, da ƴan gutattakin katako, kwali ko ƙananan mutum-mutumin sojoji. Ya ɗan yi kama da dara, sai dai a nan kowane ɗa yana wakiltar rundunar da ta wanzu a tarihi, da yawanta da saurin tafiyarta. Cikin yaƙe-yaƙen zamanin bindigar da ake ɗurawa ta baki, kaɗan ne ake bugawa kamar na Watalu, inda mulkin Napoleon ya ƙare.

Asalin wasan

A ƙasar Purusha, wadda yau take cikin tarihin Jamus, aka raini wannan wasa da sunan Kriegsspiel. A shekarar 1824 wani hafsan soja mai suna Georg von Reisswitz ya wallafa ƙa'idojinsa, bayan ya gyara aikin da mahaifinsa ya soma. Ana amfani da taswira ta gaske, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi, tare da alƙalin wasa wanda shi kaɗai ke ganin filin duka. Rundunar Purusha ta karɓe shi don horar da hafsoshi, kuma bayan ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Daga baya ya shiga hannun farar hula: marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da ƙa'idojinsa a 1913, kamfanin Avalon Hill na Amurka kuma ya fitar da wasan Waterloo a 1962.

Makamin da ya tsara ƙa'idoji

Bindigar wancan zamani ta baki ake zuba mata albarushi da harsashi, a danna da tsinke, ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Danginta ne dakarun Damagaram suka riƙe a zamanin Sarki Tanimun. Ƙwararren soja yakan harba sau 2 ko 3 a minti guda, kuma idan nisa ya wuce mita 100 da wuya a sami abin da aka auna. Shi ya sa ake jera sojoji kafaɗa da kafaɗa su yi harbi lokaci ɗaya.

Daga nan ƙa'idojin wasan suka samo tushe. Sahu mai faɗi ya fi yawan wuta, jerin gwano ya fi saurin tafiya, tsayuwa a murabba'i kuma ita ce ke tare mahaya dawakai, amma tana mayar da sojoji abincin igwa. Ɗan wasa dole ya zaɓi tsarin da ya dace kafin abokin gaba ya iso. Ana jefa ɗan ludo don tantance sakamakon harbi, ana kuma lissafa ƙarfin zuciyar runduna, domin galibi runduna takan watse tun kafin a kashe rabinta.

Kwanaki huɗu a Beljiyam

Ranar 15 ga watan Yuni 1815 Napoleon ya ƙetare kogin Sambre a Charleroi da sojoji kimanin 124,000. Niyyarsa ya shiga tsakanin rundunar Wellington ta Ingila da ƙawayenta da ta Blücher ta Purusha, ya doke su ɗaya bayan ɗaya, domin idan suka haɗu sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Ranar 16 aka gwabza a wurare biyu. Napoleon ya ci Blücher a Ligny, Marshal Ney kuma ya kara da Wellington a Quatre Bras. Rundunar Janar d'Erlon, mai mutum kusan 20,000, ta yini tana kai da komo tsakanin filayen biyu saboda umarni masu karo da juna, ba ta taimaki kowa ba. Washegari Napoleon ya tura Marshal Grouchy da sojoji kimanin 33,000 su bi sawun Purushawa, waɗanda suka ja da baya zuwa Wavre, kusa da Wellington. Ruwan sama mai yawa ya sauka a daren, kuma ranar 18 ba a fara faɗa a Watalu ba sai wajen ƙarfe 11 da rabi na safe. Da la'asar dakarun Blücher suka ɓullo ta gefen dama na Faransawa. Ranar 22 ga Yuni Napoleon ya sauka daga mulki.

Abin da masu wasa ke gwadawa

Waɗannan kurakurai su ne zuciyar wasan. Da d'Erlon ya isa Ligny, rundunar Purusha za ta tsira? Da Grouchy ya juya ya nufi inda yake jin ƙarar igwa, zai iso kan lokaci?

Babbar matsalar ita ce ɗan wasan yau ya san abin da Napoleon bai sani ba. Don magance haka, masu bin tsarin Kriegsspiel sukan raba ƴan wasa a ɗakuna daban-daban. Kowa yana rubuta umarninsa a takarda, alƙali ya lissafa lokacin da mahayi zai ɗauka kafin ya kai saƙon, wani lokaci ya jinkirta shi ko ya ɓatar da shi. Kwamanda ba ya ganin komai sai abin da ƴan leƙen asirinsa suka kawo masa. A irin wannan yanayi, wanda ya saba zagin Grouchy yakan tsinci kansa yana maimaita kuskurensa.

Iyakar wasan

Tebur ba ya nuna yunwa, tsoro ko kukan masu rauni, alhali dubun dubatar mutane ne suka mutu ko suka jikkata a yini guda a Watalu. Sakamakon wasa kuma ba hujja ba ce kan abin da zai faru a zahiri, tunda ya dogara da ƙa'idojin da wani ya tsara. Amfaninsa ga ɗalibin tarihi shi ne ya ɗanɗana yadda ake yanke hukunci da guntun labari, a kan hanya mai laka, lokaci yana ƙurewa.