Kwano

Wanda ya ji kalmar kwano zai rantse gadon kaka da kakanni ce, alhali baƙuwa ce, kuma sai da ta yada zango kafin ta iso ƙasar Hausa. Tushenta kalmar Turanci ce, "pan". Yarbawa suka fara ɗaukarta, suka ce "paanu". To, harafin p a bakin Bayerabe da k yake fitowa haɗe, wato "kp", sautin da babu shi a Hausa, sai kunnen Bahaushe ya ji "kw". Hanyar da "apoti" na Yarbanci ya bi ke nan ya zama akwati, "paali" ya zama kwali.

Kafin zuwan kwano, a akushi ake zuba tuwo, fura kuwa a ƙwarya. Kwano ya ture akushi, har jeren kwanuka ya zama adon ɗakin amarya; ƙwarya dai ta ƙi sakin fura, kuma gara haka, don furar kwano ba ta da armashi. Daga nan sunan ya bar madafa: ga kwanon awo a kasuwar hatsi, ga kwanon rufi, ga hular kwano a kan ɗan acaɓa.