Hoton Nan-Take da Fadamar da Ruwa Ya Ci

Duk wanda ya buɗe tsohon albam na gidansu, in dai gidan ya ɗanɗana wadatar zamanin da kuɗin man fetur suka shigo Nijeriya, da wuya ya rasa wani irin hoto mai kauri, wanda farin bakinsa na ƙasa ya fi sauran ukun faɗi. Shi ne hoton Polaroid, wanda zan riƙa kira hoton nan-take, domin a gaban mai shi yake wanke kansa. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in bi tarihin wannan na'ura a gurguje, sa'an nan in kawo ta gida, watau ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, in yi tambaya guda: me ya sa muka cika albam da fuskokinmu, muka bar gonaki da fadamun da suka ciyar da fuskokin ba hoto?

Wani Ba'amurke ne mai suna Edwin Land ya ƙago ta. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, cikin 1943 ya ɗauki 'yarsa mai shekara uku hoto a garin Santa Fe, sai yarinyar ta tambaye shi dalilin da ya sa ba za ta ga hoton ba nan take. Tambayar yara ce, amma ta hana shi sakat. Cikin Fabrairu na 1947 ya nuna wa masana abin da ya haɗa, cikin Nuwamba na 1948 kuma aka fara sayar da kyamarar a wani kanti na birnin Boston, a kan kuɗi kusan dala 90. Hoto mai launi ya zo cikin 1963. Amma wadda ta haifi hoton nan mai farin baki ita ce SX-70 ta 1972, sai kuma ƙanwarta mai araha, OneStep, ta 1977.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki, domin a nan ne rabin amsar tambayata take. Farin bakin nan mai faɗi ba ado ba ne. Wata 'yar jaka ce a ciki, cike da maganin wanki. Da an danna, sai takardar ta fito ta tsakanin wasu ƙarafa biyu masu mirginawa, su matse jakar ta fashe, su shimfiɗa maganin a kan fuskar fim ɗin gaba ɗaya. Cikin maganin akwai abin da ke kare hoton daga haske har ya nuna, shi ya sa ake ganin siffa tana fitowa sannu a hankali kamar gari na wayewa. Watau dai an ɗauke ɗakin wankin hoto dungum an cusa shi cikin takarda guda. To amma fa akwai abin da aka rasa. Kyamara ta yau da kullum tana barin dodon hoto, wanda za a iya wanke goma ko ɗari daga gare shi. Wannan kuwa ba ta barin dodon da za a ajiye. Hoton da ya fito shi ke nan, tilo ne. In ya ɓace, ko ya jiƙe, ko gara ta ci, ba inda za a je a sake shi.

Kafin zuwanta Hausawa sun riga sun san hoto. Kalmar ma mun daɗe da hausantar da ita: "foto" ta Turawa ta koma "hoto", kamar yadda mu mutanen yamma muke cewa huska da hita inda Bakano zai ce fuska da fita. Turawan mulki ne suka fara yawo da kyamara a ƙasar nan, daga baya masu hoto 'yan Kudu suka buɗe shaguna a Sabon Garin Kano da na Zariya da sauran garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Gusau da Ƙauran Namoda. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa cikin 1939, ta saba wa mutane da ganin sarakuna a takarda. Talaka kuwa, abin da ya fara zaunar da shi gaban kyamara shi ne larura: fasfo na aikin Hajji, ko takardar neman aiki. Akan same shi wurin mai hoto na bakin kasuwa, mai akwatin katako bisa ƙafa uku, wanda ke cusa hannu cikin akwatin ya yi wankin a can ciki. Saboda haka sa'ad da Polaroid ta iso, ta tarar da kasuwa a shirye, sai dai ta ƙara launi da sauri, sha yanzu magani yanzu. Ranar Salla da ranar biki da ranar saukar alhazai, nan ne cinikinta.

Yanzu mu dubi abin da ke faruwa a ƙasarmu cikin waɗannan shekaru ɗin. Cikin 1974 aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi ginin, aka gama shi cikin 1978. Tsawon madatsar ya fi kilomita 5, ruwan da ta tare kuma ya rufe ƙasa kimanin hekta 8,000, ya miƙa kamar kilomita 19 ta wajen Maradun. Fiye da mutum 10,000 aka tayar daga gidajensu da gonakinsu, aka mai da su sababbin matsugunai a kan tudu, ciki har da Sabuwar Maradun. Wanda ya san fadama ya san abin da wannan ke nufi. Fadama ita ce shinkafa da damina, ita ce albasa da rake da dankali da rani, ita ce su, ita ce kiwo sa'ad da daji ya bushe. Wanda aka karɓe wa fadama aka ba shi tudu mai tsakuwa, ba musanya aka yi da shi ba.

Waɗanda ke ƙasa da madatsar, wajen Mafara da Bakura, nasu ya zo ta wata hanya. Domin a shimfiɗa hanyoyin ban-ruwa a fili mai faɗin hekta 23,000, sai da katafila ta baje gonaki, ta tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, ta shafe iyakokin da kowa ya gada daga kakansa. An hana mutane shuka ana jiran aiki ya ƙare. Ga shi kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta mai da ƙasa hannun gwamnati, watau diyya ba ta ƙasar kanta ba ce, ta abin da ke kanta ce: amfanin gona da itatuwa da gini. Sai rigima ta koma kan tambayoyi irin waɗannan: ina iyakar gonarka take, itace nawa ne a cikinta, kai ne mai ita ko wani? Hukuma tana da taswira da littafin ma'aikatan safiyo. Manomi ba shi da komai sai bakinsa da shaidar maƙwabcinsa, wanda shi ma nasa ya tafi.

Sauran labarin sananne ne. Manoma suka tare hanyoyi suka tsai da aiki suna neman haƙƙinsu. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Waɗanda suka bi diddigi, irin su Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, sun ce sun haura 380. Dubi nisan da ke tsakanin alƙaluman nan biyu. A cikin irin wannan rata ne ɗalibin tarihi yake jin ƙishirwar shaidar da ido zai gani.

Garinmu Damaga yana cikin ƙasar Maradun, kuma da wuya ka zauna da dattijo a wajenmu bai kawo maka zancen ɗan'uwa ko suruki da aikin ya shafa ba. A hutun da ya wuce na bi gidajen dangi ina roƙon a nuna mini tsofaffin hotuna. Na ga na nan-take da dama, waɗansu sun koɗe sun yi ja. Ga ango da babbar riga, ga alhaji da maƙawiya, ga samari sun jingina da sabon babur, ga wani ya rungume rediyo mai kaset. Amma ban ga ko ɗaya da aka ɗauka domin gona ko gulbi ko kasuwa ba. Inda ƙasa ta fito, satar fitowa ta yi: reshen itace a bayan kafaɗar wani, ko gefen rumbu, ko wani fari-fari can nesa da aka ce mini ruwan fadama ne. Na daɗe ina kallon wannan fari-farin fiye da yadda na kalli mai hoton.

Ban ga laifin kowa ba a nan, dalilai ne suka taru. Na farko kuɗi. Kwalin fim guda hoto goma ne kacal a wancan zamani, daga waje ake kawo shi, kuma mai hoto ɗan kasuwa ne. Ba zai ƙona takarda a kan abin da ba zai biya shi ba, kuka kuwa ba ta biya. Na biyu shi ne zaman hoton tilo. Tun da mai shi ne ke tafiya da shi, mai hoto ba ya tara komai a shagonsa. A Bamako ta ƙasar Mali, abin da ya sa duniya ta san Seydou Keïta da Malick Sidibé shi ne dubban dodannin hoto da suka adana, aka dawo aka wanke su bayan shekaru. Mai Polaroid ba ya barin irin wannan gado ko da ya so. Na uku kuma, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne yadda muka fahimci kalmar kanta. A wurinmu hoto na mutum ne. "Ɗauke ni hoto" muke cewa. Abin da kake gani kullum safiya, wanda ka tabbata gobe ma yana nan, ba ka jin yana bukatar a adana shi. Wa zai ce wa manomin fadamar Maradun cikin 1973 gonarsa za ta koma ƙarƙashin ruwa?

A wasu ƙasashe an juya wannan kyamara wajen ƙasa. Ansel Adams, wanda ya yi suna da hotunan duwatsu da dazuzzukan Amurka, ya yi shekaru yana gwada wa Land fim. Andrei Tarkovsky, mai shirya fim ɗan Rasha, ya ɗauki filaye da hazo da gidansa na ƙauye da Polaroid kafin ya bar ƙasarsa, ya mutu a Faransa cikin 1986 bai koma ba. Hukuma ma ta san amfaninta: a Afirka ta Kudu an yi amfani da kayan Polaroid wajen hoton takardar fas da gwamnatin wariyar launi ta tilasta wa baƙaƙe, har ma'aikatan kamfanin baƙaƙen fata a Amurka suka ta da ƙayar baya cikin 1970, kamfanin ya janye daga ƙasar cikin 1977.

Kyamarar dijital da wayar hannu sun karya Polaroid. Kamfanin ya durƙushe cikin 2001, ya daina yin fim cikin 2008. Waɗansu masu sha'awa suka karɓi masana'antarsa ta ƙarshe a garin Enschede na ƙasar Holan, suka sake haɗa maganin daga tushe, suka fito da sabon fim cikin 2010. Wannan ne ya sa tsofaffin kyamarori suka sake numfashi, har da wadda kawuna ya yi sana'a da ita a kasuwar Mafara ran Talata, wadda yanzu take hannuna.

Wanda zai gwada ta a ƙasarmu sai ya yi shiri. Sabon kwali hoto takwas ne, batirin da ke tuƙa kyamarar kuma a cikin kwalin yake. Fim ɗin ya fi son yanayi tsakanin digiri 13 da 28, saboda haka zafin bazara yana sa hoto ya yi ja-ja ya dushe. Sanyin safiya na hunturu ya fi, sai dai a goge ƙarafan nan biyu saboda ƙura. Da hoto ya fito a kife shi ko a sa shi aljihu kamar minti goma sha biyar, kada a yi ta fifita da shi kamar yadda aka saba. Akwai kuma abin da ya fi zafin rana. Tun wajen 2011 ɓarnar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da yawa a Zamfara, ƙasar Maradun na cikin waɗanda suka sha wuya, mutane kuma suka koyi tsoron wanda ke ɗaukar hoton hanya da gidaje, ko ɗan gari ne. Sai da na fara zuwa wurin mai gari, kuma ban wuce inda aka ce in tsaya ba. Wannan hali ne ma ya sa na ga aikin ba na jira ba ne, domin garin da aka watse ya bi fadamar da ruwa ya ci.

Takwas ɗin nan na kashe su a kan rijiyar bakin gari da gugarta, da kukar da ake hutawa ƙarƙashinta, da maƙera, da masussuka, da jakuna ɗauke da mangalar taki, da hanyar da ta nufi Maradun, da ƙofar masallaci, da rumbunan wani ƙanen kakana. A farin bakin kowanne na rubuta sunan wurin da ranar da boko da ajami. Da na miƙa wa tsohon na rumbunansa, ya riƙe shi nesa da ido, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "To, yaro, ina mutumin?" Na ce, "Baba, rumbunan ne na ɗauka." Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga aikin 'yan boko. Amma da na miƙa hannu in karɓa, sai ya ɗaga hularsa ya sa shi ciki ya mayar. Bakwai ne na dawo da su makaranta.