Sunayen mutane da suka samo asali daga tsuntsaye

A shekarun baya-bayan nan iyaye a Ingila da Amurka sun ƙara rungumar sunayen tsuntsaye wajen raɗa wa jarirai suna. Akwai Robin da Raven da Lark, sai kuma Wren, sunan wata 'yar ƙaramar tsuntsuwa mai ƙarfin murya, wanda yanzu ake yawan sa wa 'ya'ya mata.

Bahaushe zai iya ɗaukar wannan a matsayin wani sabon yayi na Turawa. To sai dai kuma al'adar ta daɗe a duniyar Musulmi, kuma wasu daga cikin sunayen da liman ke raɗawa ranar suna a Kano ko Damagaram sunayen tsuntsaye ne, illa dai ma'anar ta ɓuya a cikin harshen da suka fito.

Kurciya

Yunusa shi ne misali mafi kusa. Asalin sunan da Ibrananci shi ne Yona, ma'anarsa kurciya, ko da yake da kifi aka fi sanin Annabi Yunusa, Alaihis Salam.

Haka ma Safura'u. Alƙur'ani bai ambaci sunan matar Annabi Musa ba, amma littattafan tafsiri da na tarihi sun kira ta Safura, wato Zippora a Ibrananci, ma'ana tsuntsuwa.

A Larabci, Ikrima na nufin macen kurciya, amma maza ake sa wa. Akwai Ikrima ɗan Abu Jahal, wanda ya musulunta bayan buɗe Makka a shekarar 630, da Ikrima almajirin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya yi fice a tafsiri. Mahaifiyar Bilal, ladanin Manzon Allah (SAW), sunanta Hamama, wato tattabara.

A Turai ma haka abin yake. Mai zanen nan ɗan ƙasar Sifaniya, Pablo Picasso, ya sa wa 'yarsa suna Paloma, wato kurciya, a 1949, shekarar da aka yi amfani da zanen kurciyarsa a matsayin tambarin wani taron zaman lafiya a birnin Paris.

Shaho

A gidajen sarauta da na mayaƙa kuwa, tsuntsayen farauta ne suka fi farin jini, kuma a nan ne sunayen suka fi yawa.

Larabawa na kiran shaho Saƙar. Sheikh Saqr bin Muhammad Al-Qasimi ya mulki masarautar Ras al-Khaimah daga 1948 har rasuwarsa a 2010. Tun kafin shi da ƙarnoni, an yi wa Abdurrahman ad-Dakhil laƙabi da Shahon Ƙuraishawa, saboda yadda ya tsere wa Abbasiyawa, ya ƙetara zuwa Andalus, ya kafa mulkin Umayyawa a Kurɗuba a shekarar 756. Masana tarihi sun ce abokin gabarsa, Halifa Mansur, shi ne ya ba shi laƙabin.

Haisam na nufin ɗan shaho ko ɗan gaggafa. Shi ne sunan Sarkin Oman, Haitham bin Tariq, wanda ya hau gadon mulki a watan Janairun 2020, kuma yana cikin sunan Ibnul Haisam, masanin kimiyyar haske da gani da aka haifa a Basra wajen shekarar 965.

Daga Farisanci aka samo Shahin da Shahbaz. Na biyun, wato shahon sarki, shi ne sunan Shehbaz Sharif, wanda ya fara zama firayim ministan Pakistan a 2022.

Turkawa sun fi kowa nisa a wannan fage. Tughril Beg, jagoran Saljuƙawa da ya shiga Bagadaza a 1055, sunan wani tsuntsun farauta yake ɗauke da shi. Wannan kalma ce a cikin Ertugrul, mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya, sunan da masu kallo a arewacin Najeriya suka sani ta hanyar wasan kwaikwayon talabijin da aka fara nunawa a Turkiyya a 2014.

Ba kowane tsuntsu ba

Malaman Musulunci na jaddada cewa haƙƙin yaro ne iyayensa su zaɓa masa suna mai kyakkyawar ma'ana, domin da shi za a kira shi har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa ba kowane tsuntsu ne ya samu shiga ba.

Imam Abu Dawud ya lissafa Gurab, wato hankaka, a cikin sunayen da Manzon Allah (SAW) ya sauya, kuma Imam Bukhari ya kawo labarin wani sahabi mai wannan suna da aka mayar da shi Muslim. Larabawan jahiliyya na camfa hankaka da rabuwa da kuma mugun labari. Ko a ƙasar Hausa, inda ake masa kirari da mai da ɗan wani naka, da wuya a samu uban da zai yanka rago don wannan suna, balle na mujiya ko ungulu.

Galibi Hausawa kan ajiye sunan tsuntsu don laƙabi da kirari, ba sunan yanka ba. Ana ce wa gwani zakara, a ce wa mai hangen nesa mikiya. Irin haka ta faru da malamin nan na Yaman daga cikin tabi'ai, Ɗawus ɗan Kaisan. Wasu malaman tarihi sun ce sunansa na asali Zakwan, amma aka riƙa kiransa ɗawisun makaranta Alƙur'ani har laƙabin ya danne sunan.