Nima da Maamobi: Unguwannin da Suka Riga Doka Zuwa

A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya karɓi fili a hannun iyalin Odoi Kwao na garin Osu, a arewacin Akara. Daji ne a lokacin, inda ake tsare shanu kafin a kai su kasuwa. Malamin ya riƙa yanka wa baƙi fegi, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen arewacin ƙasar, har wurin ya zama zango. Wannan shi ne asalin Nima, daga baya Maamobi ta tsiro a gefenta.

Abin da ya yanke wa unguwar ƙaddara shi ne layin da Turawan mulkin mallaka suka ja a taswira. Nima ta faɗa wajen iyakar birni, saboda haka dokokin gini ba su hau kanta ba, ita ma hukuma ba ta ɗauki nauyin yi mata titi ko magudanar ruwa ko famfo ba. Girgizar ƙasar 1939 da Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙara turo jama'a, musamman masu neman aiki a barikin soja da filin jirgin sama da gidajen Turawa da ke kusa. Kowa ya gina inda ya samu, aka bar lungu iya wucewar mutum ɗaya.

A 1945 gwamnati ta kafa dokar tsara birane da karkara, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila. Dokar ta fi dacewa da filin da ba a riga an gina ba, wanda za a zana kafin a sa tubali. Da aka shigar da Nima cikin birni a farkon shekarun 1950, gidaje sun riga sun cika ta, sai ta zama abin da doka ke gani a matsayin saɓani, alhali mazaunanta sun riga dokar zuwa.

Jami'a ma ta shigo cikin labarin. A tsakiyar shekarun 1960 Keith Hart, ɗalibin nazarin al'umma daga Ingila, ya zauna a Nima, kuma daga abin da ya gani a can ya fito da batun tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma. A shekarun 1970 gwamnati ta ratsa unguwar da babban titi, aka rushe gidaje, aka mayar da wasu mazauna Madina. Titi ya samu, amma cunkoso bai ragu ba.

Dokar muhalli ta biyo baya. An kafa majalisar kare muhalli a 1974, aka mayar da ita hukuma mai ikon tilastawa a 1994. Duk da haka babban kwalbatin da ya raba Nima da Maamobi ya ci gaba da kwashe shara zuwa kogin Odaw da tafkin Korle. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka halaka mutum kusan 150. A 2016 majalisa ta zartar da sabuwar dokar tsara amfani da ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1945 bayan shekara 71.

Ɗalibin da ke karanta waɗannan dokoki a Legon ko a Kumasi zai tarar da tambayar Nima tana nan. Filin yana da tsada yanzu domin yana tsakiyar birni, mafi yawan mazauna kuwa 'yan haya ne, ga gidaje na gado masu magada da yawa. Idan aka ce za a sake tsara unguwar, wa za a biya diyya, kuma wa zai dawo bayan an gama ginin?