Haƙorin Hankali: Daga Awartakin Wanzami Zuwa Asibitin Malam

Yau zancen baki zan kawo muku, kuma kada wani ya ce "to, wannan ai ba tarihi ba ne." Tarihi ne, har ma akwai yiwuwar yana ɓoye a can ƙuryar bakinka yanzu haka.

Baligi yana da haƙora 32 in sun cika. Huɗu na ƙarshe, wato turamen da ke can ƙarshen muƙamuƙi, biyu sama biyu ƙasa, su ne ba sa fitowa sai mutum yana tsakanin shekara 17 zuwa 25. Saboda sai an fara hankali suke lekowa, Larabawa suka laƙaba musu haƙorin hankali, Turawa ma ma'anar sunan da suka ba su ke nan. Aristotle na ƙasar Girka ya ambace su fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya ce suna fitowa ne wajen shekara ashirin.

To me ya sa suke wahalar da mutane? Masana ƙasusuwan mutanen da sun lura cewa kakanninmu masu cin abinci mai tauri muƙamuƙinsu ya fi namu fili. Tauna mai ƙarfi tun yarinta tana sa ƙashin ya bunƙasa. Da abinci ya yi laushi, sai muƙamuƙi ya tsuke, amma adadin haƙora bai ragu ba. Shi ya sa na ƙarshen yake zuwa ya tarar ɗaki ya cika. Wani ya fito a karkace, wani ya kwanta ya tokare maƙwabcinsa, wani ya leƙo rabi, dasashi ya rufe rabi, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashin fatar har wurin ya kumbura ya yi ruwa.

A ƙasar Hausa, kafin zuwan asibiti, wanzami ne mai wannan aiki. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciya da cire beli, kuma in haƙori ya hana mutum barci, a zabirarsa ake samun abin finciko shi. Sana'a ce ta gado mai shugabanci, har da Sarkin Aska. Ba mu kaɗai ba ne, a Ingila da Faransa ma masu aski ne suka daɗe suna cire haƙori. Maganin zafin kuwa? A danna kanumfari a wurin, a sami ƙarti su riƙe ka, sai kuma dauriya.

Mutum na farko da nake so ku riƙe sunansa shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rayu kusa da birnin Kurɗuba, ya rasu wajen shekarar 1013. A littafinsa At-Tasrif mai kashi 30, ya zana kayan aikin kankare dattin haƙori da na cire shi. Ya yi gargaɗi a kan gaggawa: a fara neman magani kafin a cire, a tabbatar da wanda ke ciwon don kada a cire mai lafiya, kuma ya soki masu fizgar haƙori da ƙarfi har su karya shi su bar saiwa a ciki. Shekara dubu ke nan, amma kamar da mu yake magana.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. Ranar 10 ga Disamba 1844, a garin Hartford na Amurka, wani likitan haƙori mai suna Horace Wells ya je kallon wasa inda ake shaƙa wa mutane iskar nan mai sa dariya. Ya ga wani ya buge ƙafa bai ji zafi ba. Washegari ya sa aka shaƙa masa iskar, abokin aikinsa John Riggs ya cire masa haƙorin da ke damunsa, bai ji komai ba. Kun san wane haƙori ne? Haƙorin hankali. Da Wells ya je Boston a farkon 1845 don ya nuna wa ɗaliban likita, sai wanda ake cire wa ya yi ƙara, aka yi masa ihu, ya koma gida a kunyace. Tsohon abokin sana'arsa William Morton, shi ma likitan haƙori, shi ya yi nasara ranar 16 ga Oktoba 1846 da wani sinadarin daban, aka yi wa mutum tiyata a wuya yana barci. Ke nan duk wanda aka taɓa sa wa barci a ɗakin tiyata, akwai hannun likitocin haƙori a cikin sauƙin da ya samu.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hoton ƙashi a Jamus, bayan 'yan makonni Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa, ya zauna minti 25 kafin hoton ya kamu. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Siwidin, allurar kashe zafin da har gobe ake yi a dasashi. A Najeriya kuwa, Jami'ar Legas ce ta fara horar da likitocin haƙori a 1966.

Mu dawo gida. Wanda ke Unguwa Uku, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko cikin Tarauni, yana da abin da sarakunan da ba su samu ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a kan titin Zariya, kuma yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi da fuska, inda ɗaliban Jami'ar Bayero suke koyon aikin. Daga tashar Unguwa Uku, adaidaita sahu ɗaya ne. Duk da haka sai ka ga matashi ya yi wata uku yana haɗiyar ƙwayoyi daga kemis, yana toshe ramin da auduga da turare, yana jiran abin ya wuce da kansa.

Ga abin da ya sa nake jin tsoron wannan jiran. A 1836 wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wata cuta da har yau take ɗauke da sunansa. Ruwan ciwon da ya taru a turamen ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, harshe ya ɗago, hanyar numfashi ta toshe. Tana kisa. Don haka in kumburi ya sauko wuya, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya ƙi haɗiyuwa, wannan ba na gobe ba ne, a tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Amma fa ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. A Ingila tun shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani ta ce a daina cire wanda ba ya da matsala. In ya fito daidai, burushi yana kaiwa gare shi, a bar shi. Likita ne zai yanke, bayan ya ga hoto. Hoton ne ke nuna ko saiwar tana kusa da jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, abin da babu wanzamin da zai iya gani da ido, ko mai cire haƙori na bakin kasuwa. Ga kuma haɗarin ciwon hanta daga ƙarfen da ba a dafa ba.

In an sa maka rana, ga shiri. Ka faɗa wa likita gaskiya: sikila, ciwon suga, hawan jini, jinin da ba ya saurin tsayawa, ko kana shan maganin tsinka jini. 'Yar'uwa, in akwai juna biyu, ki faɗa tun kafin hoto. In allurar dasashi za a yi, ka ci abinci kafin ka je. In barci za a sa ka, za a gaya maka awannin da za ka kame baki, kuma ka zo da wanda zai mai da kai gida. Kada ka sa ranar a jajibirin jarrabawa ko biki.

Bayan an cire, sirrin duka yana wurin gudan jinin da ya daskare a ramin, shi ne murfin ƙashin. Ka cije audugar da aka sa maka kamar rabin awa. A ranar farko ban da kurkure baki, ban da yawan tofar da yawu, ban da zuƙar lemo da tsinke, ban da abu mai zafi. Sigari da shisha a jingine su, ko da na kwana uku ne, gara ma mako. Goro, ƙilishi, gyaɗa da tsire su jira. Kunu ko koko da ya huce, yogot, ayaba, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka marar yaji, su ne abokanka. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora a kumatu. Daga rana ta biyu, ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali. Kumburi ya fi yawa a rana ta biyu da ta uku, sannan ya fara saɓewa. Maganin da aka rubuta kaɗai za ka sha, yadda aka ce. In a rana ta uku ko ta huɗu zafi ya ƙaru har kunne, ga wari a baki, wataƙila murfin ya fita, ka koma a wanke a sa magani. Haka in jini ya ƙi tsayawa, ko leɓe ya wuni ya kwana a mace.

Az-Zahrawi ya yi aikinsa babu hoto, babu allura. Wells ya gwada a kan bakinsa, aka yi masa dariya. Kai kuma duk sakamakon wahalarsu yana kan titin Zariya, kati kawai za ka yanka. In ka san wani da yake tauna da gefe ɗaya tun bara, ka tura masa wannan, ko ma ka raka shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.